Littafin aiki: tayar da Windows 95 a cikin QEMU

Asabar, 8 ga Fabrairu 2025

Dalilin aikin nan ƙarami ne. Akwai filofi uku da suka kusa shekara talatin a cikin akwati, ɗauke da wata tsohuwar manhajar ajiye bayanai, sai na huɗu mai fayilolin da aka rubuta da ita. Fayilolin nake so. Manhajar ce kaɗai ta san yadda ake karanta su, ita kuwa 'yar zamanin 16-bit ce, Windows mai 64-bit ko kallonta ba ya yi, domin ba shi da ɓangaren da ke tafiyar da irinta. Dole in gina mata ɗakin da ta saba kwana a ciki.

Na zaɓi Windows 95 saboda ina da faifansa na asali har da takardar lambarsa, ragowar wata kwamfuta da ta daɗe da mutuwa. Ba fitowar farko ta 24 ga Agusta 1995 ba ce. Bugun 1996 ne da ake kira OSR2, wanda ba a sayar da shi a kwali shi kaɗai ba, sai dai mutum ya same shi a kan sabuwar kwamfuta.

Na ɗan yi ja-in-ja da kaina tsakanin QEMU da 86Box, manhajoji biyu da ke kwaikwayon wata kwamfuta a cikin kwamfuta. Shi 86Box, wanda ya tsiro daga PCem, yana kwaikwayon takamaimun allunan kwamfuta na wancan zamani da BIOS ɗinsu da gudunsu, kuma da wasanni zan yi, shi zan ɗauka ba tare da tunani na biyu ba. Amma QEMU yana kan laftof ɗina mai Linux tun tuni, na san hannunsa, kuma ba ya buƙatar in je neman fayilolin ROM. Lalaci ne ya yanke hukuncin.

Yau kwafe kawai na yi. Faifan CD ya koma win95.iso lafiya lau. Filofin kuwa na karanta su da na'urar filofi mai USB, kowanne ya koma hoto, wato fayil ɗaya mai ɗauke da kwafin filofin gaba ɗaya, mai bait 1,474,560. Na ɗaya, na uku da na huɗu sun fito fes. Na biyu ya kai kusan ƙarshe sai na'urar ta fara gurnani, ƙirr-ƙirr, tana komawa wuri ɗaya. Na bar wa ddrescue shi, manhajar ceto bayanai daga faifai mai lalura, ya yi ta maimaitawa, a ƙarshe gutsure biyu ne suka ƙi karantuwa, wato bait 1,024. Abin da ke cikinsu sai ranar girka manhajar zan gani.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Na ƙirƙiri rumbun ajiya na bogi:

qemu-img create -f qcow2 win95.qcow2 1000M

Na tsaya a megabait 1000 da gangan. FAT16, tsohon tsarin jera fayiloli a rumbu, ba ya wuce gigabait 2 a ɓangare ɗaya, kuma da zarar an kai 1024 sai girman kowane gurbi ya tashi daga kilobait 16 zuwa 32, fayil mai layi biyu ma ya cinye gurbi guda. OSR2 ya san FAT32, amma manhajar da nake yi wa hidima ta girme shi, ban ga dalilin kai ta inda ba ta sani ba.

Faifan Windows 95 ba ya tayar da kwamfuta da kansa, sai da filofin tayarwa mai direban CD. Nawa ya ɓace tun tuni, sai na yi amfani da hoton filofin tayarwa na Windows 98. Wannan filofi yana da wata ɗabi'a da na manta: yana yanka wani yanki na RAM ya mai da shi faifai, ya ba shi harafin D: idan rumbu ya riƙe C:, sai CD ya koma E:. Na yi minti goma ina buga DIR a D: ina mamakin inda fayilolin Windows suka shige.

FDISK, mai raba rumbu ɓangare-ɓangare, ya tambaya ko ina son tsarin manyan faifai, wato FAT32, na ce a'a, na yi ɓangare ɗaya, na sake kunnawa, na yi FORMAT C:. Daga nan na buɗe jaka mai suna WIN95 a C: na kwashe duk abin da ke E:\WIN95 na zuba a ciki, sannan na kira SETUP daga can. Tsohuwar dabara ce. Windows 95 yana tuna inda aka girka shi, duk lokacin da ya nemi direba can zai koma, ba sai ya ce a kawo CD ba.

Girkawar ta tafi tiryan-tiryan, cikin 'yan mintoci. Sai aka zo kunnawar farko. Gajimaren nan mai tambari ya bayyana, ya ɓace, baƙin allo ya ce wai ƙwaƙwalwa ba ta isa a tayar da Windows ba.

Megabait 1024 na ba shi. Tsarin da a kwalinsa aka rubuta megabait 4 sun isa, 8 sun fi, shi ne ke kukan rashi a kan 1024. Garin neman ƙiba na samo rama. Abin da ke faruwa shi ne, yawan RAM yana ƙara yawan wurin da tsarin ke warewa don lissafin RAM ɗin da kuma ma'ajiyar fayiloli ta wucin gadi, kuma filin adireshin da aka keɓe wa cikin tsarin ƙayyadadde ne. Idan RAM ya doshi rabin gigabait, filin sai ya cika tun kafin a fara komai. Ana iya ɗaure shi da layin MaxPhysPage a cikin SYSTEM.INI, amma tunda kwamfutar ta bogi ce, na mayar da RAM ɗinta megabait 64 kawai.

Na sake kunnawa. Wancan saƙo ya tafi, wani ya maye gurbinsa: kuskuren kariya yayin tayar da IOS, a sake kunna kwamfuta. Na sake sau huɗu, amsa ɗaya. An gudu ba a tsira ba. Na rufe.

Talata, 11 ga Fabrairu

Daren jiya ban taɓa shi ba, yau na zauna da shi da kyau.

Na danna F8 daidai lokacin da ya rubuta cewa yana farawa, na zaɓi tayarwa mai rubuta rahoto, bayan ya faɗi na shiga ta filofi na karanta BOOTLOG.TXT. Layukan suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, wannan direba ya hau, wancan ya hau, sai rahoton ya yanke cak a kan IOS, mai kula da shige da ficen faifai.

Laifin nawa ne, kuma yana cikin kalma ɗaya da na saba sakawa ba tare da tunani ba: -enable-kvm. A nan ne bambancin abubuwa biyu da mutane ke haɗawa ya fito fili. Idan KVM na kunne, QEMU ba ya kwaikwayon furosesa, miƙa wa baƙon, wato Windows ɗin da ke ciki, ainihin furosesar laftof ɗin yake yi, da cikakken gudunta. Na rubuta -cpu pentium, gaskiya ne, amma wannan suna ne kawai aka sauya mata. Idan Windows ya tambaye ta ko wace ce, sai ta ce Pentium, idan ta tashi gudu kuwa sai ta yi irin na 2025.

Shi kuma Windows 95, yayin tashi, wasu direbobinsa suna auna saurin furosesa da wata hanya mai sauƙi: su sa ta zagaya wani ɗan madauki sau da yawa, su duba agogo su ga lokacin da ta ɗauka, sannan su yi rabawa da wannan lokaci. A kan furosesar 1995 lokacin yana da ɗan tsawo. A kan mai tsananin sauri, an gama zagayen agogo bai ko motsa ba, lokacin ya zama sifili, rabawa da sifili kuwa faɗuwa ce. Ba sabon abu ba ne. Tun 1998 aka ci karo da shi a kan AMD K6-2 mai megahaz 350, aka fitar da gyara don OSR2. Akwai ɗan'uwansa a ɓangaren sadarwa, NDIS, da ke tasowa idan gudu ya wuce gigahaz 2.1. Wanda ya rubuta madaukin nan ya yi lissafinsa daidai da na'urorin da ke gabansa, ba zan ga baikensa ba.

Hanya biyu ce: ko in yi wa fayilolin Windows faci, ko in rage gudun na'urar. Masu sha'awar tsofaffin kwamfutoci sun haɗa faci iri-iri kuma suna aiki, amma na fi son in bar tsarin yadda ya fito. Na cire KVM. Ba tare da shi ba, QEMU yana komawa TCG, inda yake ɗaukar umarnin baƙon gungu-gungu yana fassara su zuwa na mai masauki, wato laftof ɗin. Fassarar tana cin lokaci, wannan cin lokacin kuwa shi nake nema.

qemu-system-i386 -M pc -cpu pentium -m 64 -hda win95.qcow2 -cdrom win95.iso -vga cirrus -rtc base=localtime

Gajimare ya zo, sandar ƙasan allo ta yi ta gudana, sai ga tagar zaɓen yankin lokaci. Bayan sake kunnawa ɗaya, shuɗin-koren allon nan ya bayyana da maɓallin Start a kusurwa. Kafin in taɓa komai na kashe shi ta hanyar da ta dace, na ɗauki hoton halin da rumbun yake ciki da qemu-img snapshot -c farko win95.qcow2.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Allon yana 640 da 480, launi 16, kuma babu zaɓin da ya wuce haka. QEMU yana kwaikwayon katin hoto na Cirrus Logic GD5446, wanda Windows 95 ya kamata ya gane. Na buɗe jerin na'urori a ƙarƙashin System, babu katin, babu ma wata na'ura ta PCI ko ɗaya. Sai alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa a kan Plug and Play BIOS.

Gyaran ba ya kama da gyara. Ana buɗe wannan na'ura mai alamar, a ce za a sauya mata direba, a zaɓi PCI bus daga jerin. Na yi, na sake kunnawa, sai taga ta fara bin taga: ya ga wannan gada, ya ga mai kula da faifai, ya ga katin hoto, kowanne yana neman a sake kunnawa. A tsakiyar haka CD ya ɓace na ɗan lokaci, saboda ana sauya direban abin da yake rataye a kai. Da daga CD na girka, da na shiga tsaka mai wuya, Windows na neman faifai ta ƙofar da shi da kansa ya rufe. Jakar C:\WIN95 ta ranar Lahadi ta biya kuɗin sabulu.

Yanzu 800 da 600, launi mai 16-bit. Linzamin sai an danna cikin taga ya kamu, Ctrl da Alt da G ke sakinsa. Dabarar da ake yi wa sababbin tsare-tsare ta allon taɓawa mai USB ba ta aiki a nan, sai haƙuri.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Aikina ba ya buƙatar sauti ko kaɗan. Duk da haka na ɓata safiya guda a kai, ba ni da hujja. Na ƙara -device sb16 da hanyar fitar da sautin, na sa mayen gano sababbin na'urori ya yi bincikensa, ya samo Sound Blaster 16 a adireshi 220, IRQ 5, DMA 1 da 5, lambobin da duk wanda ya taɓa kunna wasa a DOS ya haddace ko bai so ba. Da sautin buɗewar ya fito ta sifika, na sake kunnawa sau biyu don kawai in ƙara ji.

Abin da ya fi damuna shi ne fanka. Windows yana zaune shiru, babu manhajar da ke buɗe, amma laftof ɗin yana huci kamar mai hawan tudu, ɗaya daga cikin zukatan furosesar tana kan kashi 100. Akwai umarnin HLT da tsarin zamani ke aika wa furosesa idan ba shi da aiki, ma'ana ta kwanta har a kira ta. Windows 95 ba ya amfani da shi yadda ya kamata, zagaye kawai yake yi yana jiran aiki, QEMU kuma yana fassara wannan zagayen banza da iya ƙarfinsa. Maganin wata 'yar manhaja ce, AmnHLT, da ke aika umarnin a madadinsa. Na shigar da ita ta hoton filofi, na sake kunnawa, cikin minti ɗaya fanka ta yi tsit.

Da yamma na yi wauta. Na rufe tagar QEMU da hannu kamar yadda ake rufe burauza. A wurin baƙon, wannan daidai yake da fizge waya daga bango. Da na kunna, ScanDisk ya tare ni da shuɗin allonsa, domin OSR2 yana kiransa da kansa idan ba a kashe shi da kyau ba. Bai sami ɓarna ba. Na ɗauki hoton halin rumbun karo na biyu.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Sadarwa. Na ƙara -nic user,model=pcnet, ya gane katin AMD PCnet ya saka direbansa. Amma Windows 95 ba ya ɗora TCP/IP, yaren intanet, da kansa, NetBEUI da IPX/SPX yake sakawa, yarukan ofisoshin wancan lokaci. Na ƙara shi da hannu, na buga WINIPCFG, ga 10.0.2.15, ƙofar fita 10.0.2.2, wadda ita ce laftof ɗin kanta a idon baƙon. Yanzu kuma duk tashi sai ya nemi kalmar sirri, wadda idan aka danna Esc sai ya ce bismillah, a wuce.

Internet Explorer 3 bai buɗe kusan komai a intanet ba, kuma ban sa ran zai buɗe ba. Shafukan yau suna neman tsarin tsaro na TLS 1.2 ko 1.3, shi kuwa iyakarsa tsohon tsarin SSL 3. Na kunna python3 -m http.server a laftof, na buɗe 10.0.2.2:8000 daga ciki, jerin fayilolina ya fito. Wannan ya isa shigar da kaya.

Na gwada da fayil ɗin wannan rubutu da nake yi. Notepad ya jera shi duka a layi ɗaya mai tsawon gaske, saboda bai san ƙarshen layi irin na Linux ba. WordPad ya raba layukan daidai, amma duk inda na rubuta ƙ sai ga Æ™, ɗ ya koma É da doguwar sanda. UTF-8, tsarin da aka adana rubutun da shi, yana ajiye kowanne cikin waɗannan haruffa a bait biyu, shi kuma yana karanta kowane bait a matsayin harafi guda daga jadawalinsa na 1252, wanda babu harafi mai lanƙwasa ko ɗaya a cikinsa.

Bayan gwajin na cire katin sadarwar daga umarnin. Tsarin da aka daina yi wa gyaran tsaro tun ƙarshen 2001 ba shi da abin yi a bakin hanya.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Ranar manhajar. Na saka hoton filofi na ɗaya, na kira SETUP daga A:. Da ta nemi na biyu, na shiga ɗakin umarnin QEMU da Ctrl da Alt da 2, na buga change floppy0 biyu.img, na dawo na danna OK. Sandar ci gaba ta tafi, ta tafi, ta tsaya a inda nake tsoro. Saƙo ya ce an kasa warware wani fayil. Na duba sunan, ƙarshensa .HL_ ne, wato fayil ɗin taimako a matse. Na ce ta tsallake shi, ta yarda. Da gutsuren nan biyu sun faɗa a kan ainihin manhajar, da aikin mako biyu ya tashi a banza.

Na saka filofi na huɗu, na kwafe fayilolin zuwa C: tukuna, ban buɗe su daga hoton asali ba, don tsofaffin manhajoji irin wannan suna rubutu a fayil da zarar sun buɗe shi. Na buɗe na farko. Ya buɗu. Layuka a jere, shekaru da lamba biyu-biyu, 96, 97, kuma ko'ina k da d da b ne zalla, babu lanƙwasa, mai karatu ne zai gane daga ma'ana. Bayan abin da na gani ranar Lahadi, na san ba sakaci ba ne, haruffan ne babu su a na'urar.

Na daɗe ina karantawa kafin in tuna cewa fitar da su na zo yi.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Manhajar ba ta da hanyar fitar da bayanai zuwa wani tsari. Adanawa da bugawa, shi ke nan. To, bugawar ita ce ƙofa. Windows 95 yana da direban firinta mai suna Generic / Text Only, wanda ba ya aika komai sai haruffa tsirara. Na girka shi, maimakon in haɗa shi da LPT1, ƙofar firinta, sai na haɗa shi da FILE:. Yanzu duk abin da aka ce a buga, sai ya tambayi sunan fayil.

Gwajin farko ya fito a gutsure, an datse duk abin da ya wuce faɗin takarda, ginshiƙai biyu na ƙarshe sun ɓace. Na koma saitin firintar na zaɓi takarda mai faɗi, irin ta firintocin da ke jan takarda mai huda a gefe, na sake bugawa. Komai ya shiga.

Fitar da su daga ciki kuwa filofi ya fi sauƙi. Na yi sabon hoto marar komai, na saka, na kwafe fayilolin .PRN a kai, na fitar da shi ta ɗakin umarni, sannan a Linux:

mcopy -i fita.img ::*.PRN .

Sauran aikin shara ne: cire alamar sabon shafi, cire kan shafin da ke maimaituwa, yanka ginshiƙai bisa faɗinsu, ƙara 19 a gaban shekaru. Wani ɗan rubutun Python ya yi wannan. Na zaɓi layuka daga farko da tsakiya da ƙarshen kowane fayil na gwada su da abin da manhajar ke nunawa a allo, sun yi daidai. Lanƙwasar haruffan ban bar wa na'ura ba, da hannu zan bi su a hankali, domin kasa da ƙasa ba abu ɗaya ba ne.

Asabar, 1 ga Maris

Na tattara komai a jaka ɗaya: hotunan filofi huɗu da rahoton ddrescue, win95.iso, rumbun qcow2 da hotunansa uku, da ɗan fayil mai ɗauke da cikakken umarnin kunnawa da lambar sigar QEMU da na yi aiki da ita. Sigar tana da muhimmanci, domin zaɓuɓɓukansa suna sauyawa. Tsofaffin bayanai da yawa har yanzu suna cewa a rubuta -soundhw, alhali an cire shi. A saman fayil ɗin na rubuta da manyan baƙi cewa kada a saka KVM, kada RAM ya wuce 64. Na kwafe jakar wuri biyu.

Na kunna shi sau ɗaya daga kwafin don in tabbatar yana tashi. Ya tashi, manhajar ta buɗe fayil na farko. Na kashe ta Start, na jira har ya gama, sannan na rufe tagar. Filofin huɗu sun koma akwatinsu, na biyun da alamar jan biro a goshi.